Yadda Ake Gina Gidan da Zai Jure Ambaliya da Zafi, Ko da na Ƙasa Ne

Katangarmu ta gabas ba cikin ruwa ta faɗi ba. An ɗauke tun tsakar dare, gari ya yi tsit, sai bayan an idar da sallar asuba muka ji rugugi kamar tifa ta juye yashi. Allah Ya taƙaita, ba kowa a wurin sai randuna biyu da turken akuya, ita ma ta tsinke igiya ta tsira. Da hantsi tsohon maginin unguwarmu ya zo jaje. Ko kallon saman katangar bai yi ba. Tsugunawa ya yi ya soka sandarsa a gindin ɓangaren da ya rage a tsaye, sandar ta nutse kamar a malmalar tuwo.

Na ce, "Baba, ruwan bana ne ya yi yawa."

Ya ce, "A'a, ɗana. Wanda ya sauko ya wuce bai yi maka komai ba. Wanda ya kwana a nan shi ya ci ta."

Shi ya sake mana ginin, kuma yawancin abin da ke ƙasa a wurinsa na gani, sauran na ƙara daga wurin injiniyoyi.

Ruwan kansa ya sauya hali. Duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri 1, tana iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, shi ya sa idan hadari ya tashi saukewa yake yi kamar da bakin ƙwarya. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta wayi gari cikin ruwa, kuma a watan nan ne tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, ya rushe bayan mamakon ruwa. Ga zafi ta ɗaya ɓangaren: a Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Mai gini ya shiga tsaka mai wuya ke nan. In ya yi na bulo da kwano, bazara ta gasa shi. In ya yi na ƙasa yadda aka saba, damina ta narkar masa. Dabarar ita ce ka zuba siminti inda ruwa ke taɓawa, ka bar ƙasa inda rana ke duka.

Mataki na 1: Ka ga filin cikin Agusta

Dillali ya fi son nuna fili a watan Maris, lokacin da ko fadama ta zama tudu. Kada ka biya sai ka je wurin washegarin babban ruwa, da ƙafarka. Ka duba ina ruwa ya shigo, ina ya bi, ina ya tsaya. Ka dubi katangun maƙwabta, za ka ga zanen da ambaliya ta bari, wani layi mai duhu, wani lokaci har da ɓurɓushin ciyawa maƙale. Ka nemi dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin ka tambaye shi inda ruwa ya kai a shekarar da ta fi muni.

Daga nan ka haƙa rami mai zurfin ƙafa 2, ka cika shi da ruwa da yamma, ka dawo da safe. In ya tsotse, ƙasar tana sha. In ka tarar da shi yadda ka bari, laka ce a ƙasa, duk ruwan gidanka sai ka yi masa hanyar fita. In kuwa filin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, ko yana bakin kogi, ko ka ga kachalla ta tsiro, to ka haƙura da shi komai arhar sa. Babu fandishon da zai tare kogi.

Mataki na 2: Ka fitar da lebur da tiyo

Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne arha, kuma shi aka fi tsallakewa. Ka sayi farin tiyo siriri wanda ake ganin cikinsa, kamar mita 20. Ka cika shi da ruwa a hankali, ka bubbuga har kumfar iska ta fita duka, domin kumfa ɗaya tana iya ɓata awon. Ruwan da ke baki biyu na tiyon kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa, ko da tsakiyar tiyon na kwance a ƙasa.

Mutum ɗaya ya tsaya a tsakiyar titi da sanda, ɗaya ya tsaya a inda ƙofar ɗaki za ta kasance da tasa sandar. Kowa ya jingina bakin tiyonsa a sanda, a jira ruwan ya natsu, a yi alama, a auna daga alamar zuwa ƙasa. In na titi ya sami ƙafa 3, na cikin fili ya sami ƙafa 4, filinka ya fi titi kwari da ƙafa 1 ke nan. Haka za ku zagaya kusurwoyi huɗu, ku kuma ɗauko tsayin zanen ambaliya daga katangar maƙwabci ku kawo shi kan turke a filinka.

Daɓen ɗakunanka ya ɗara tsakiyar titi da ƙafa 2, ko ya ɗara zanen ambaliya da ƙafa 1, ka ɗauki wanda ya fi tsayi. In titin bai sami kwalta ba tukuna, ka ƙara ƙafa 1, saboda ranar da aka zo yin sa ciko za a yi a ɗaga shi. Gidaje nawa muka gani a Kano da Zariya waɗanda a da ake hawa a shiga, yanzu sai an gangara?

Mataki na 3: Fandisho, inda ba a rowa

A haƙa har a wuce baƙar ƙasar sama a taɓa mai tauri, galibi ƙafa 2 da rabi zuwa 3. Faɗin ramin ya ninka kaurin katangar sau uku. A zuba kankare mai kaurin inci 6 zuwa 9. Ma'aunin shi ne buhun siminti 1, kwanon sarki 6 na yashi, 12 na tsakuwa. Ka tsaya a wurin ka ƙirga da idonka. Ba zargin kowa nake yi ba, amma lebura in ya gaji ƙirgensa yakan ƙaru. Kada a tsinka kwaɓin don ya yi daɗin zubawa, ruwa mai yawa yana kashe ƙarfin kankare. A yi masa ban ruwa safe da yamma kwana 7.

A kan kankaren a jera bulo mai inci 9, a cika ramukansa da kankare, har a kai tsayin da turkenka ya nuna. Bulon nan ya fi kyau ka buga naka, buhu ɗaya kada ya wuce bulo 30 zuwa 35. Na kasuwa wani da farce ma za ka iya kankare shi. Inda dutse ke da arha, kamar ƙasar Adar a jihar Tawa, a yi gindin da dutse da siminti, ya ma fi bulo.

Sai ciko. Jar ƙasa za a zuba, ba shara ba, ba ɓaraguzan gini ba. A zuba inci 6, a yayyafa ruwa, a kirɓe sosai, sannan a ƙara wani inci 6. Wanda ya juye tifa uku lokaci guda ya baje, bayan damina biyu daɓensa zai lotsa. In ciko ya kai, a shimfiɗa leda mai kauri ta rufe ko'ina har kan bulon, a ɗora gefen wannan kan wancan, sannan a zuba kankaren daɓe. Ledar nan ita ce ke yanke danshin da ke hawowa ta cikin katanga kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Farin gishirin da kake gani yana cin gindin ɗakuna, fenti yana kumbura yana zuba, rashin ta ne.

In ƙasar filin baƙar laka ce mai dararrewa da rani, irin wadda ake kira firgi a Borno, ko bene za ka ɗora, wannan ma'aunin bai isa ba. Ka nemi injiniya ya zana maka rodi da ginshiƙai.

Mataki na 4: Katanga

Daga kan ledar zuwa sama, ƙasa ta fi bulo. Bulo rami ne da siririn bango, da la'asar ya riga ya ɗumame ɗaki. Katangar ƙasa mai kauri kuwa tana shanye zafin yini, ba ta sako shi ba sai dare ya yi nisa, lokacin da waje ya huce ka buɗe taga. Wanda ya taɓa shiga tsohon soro da azahar a watan Afrilu ya san abin da nake nufi.

Mutane suna gudun ginin ƙasa ne don ana yi masa kallon na talaka. To su je Dandaji a jihar Tawa su ga masallaci da ɗakin karatun da Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara, aka kammala a 2018, sabon masallacin da tubalin jar ƙasa na inji. Masallacin ƙasa na garin Yama, shi ma a jihar Tawa, ginin Falke Barmu, ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine tun 1986.

Ka fara gwada ƙasar. Ka sami kwalba mai faɗin baki, ka zuba ƙasa zuwa rabi, ka cika da ruwa, ka sa ɗan gishiri, ka girgiza sosai ka ajiye. Tsakuwa da yashi za su kwanta nan take, garin ƙasa ya biyo, yumɓu shi ne na ƙarshe a sama, sai washegari. Kana son yashi da tsakuwa su fi rabi, yumɓu kuma ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin biyar. In yumɓu ya yi yawa tubali zai tsattsage, sai a ƙara yashi. In ya yi kaɗan zai marmashe.

Hanya biyu ce. Ta farko tubalin gargajiya: a kwaɓa da ciyawa, a bar kwaɓin ya kwana biyu ya ruɓa, a tattake, a mulmula, ya bushe sarai kafin a ɗora. Ta biyu tubalin inji, wanda ake matsewa da ƙarfe. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, ta daɗe tana ƙera irin injin nan, kuma akwai masu bayar da haya. A tankaɗe ƙasar, a haɗa kwano 1 na siminti da kwano 15 zuwa 18 na ƙasa a bushe har launin ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan. Ga yadda ake gane ruwan ya yi daidai: ka dunƙula a hannu, ka saki daga tsayin ƙugu. In ya tarwatse ya zama gari, ruwa bai isa ba. In ya faɗi ya lafe dunƙule guda, ya yi yawa. In ya rabu gida huɗu ko biyar, a fara bugawa. Duk abin da aka kwaɓa a buge shi cikin awa ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne shanya shi a rana kamar tubalin gargajiya. Siminti danshi yake so. A jera a inuwa, a lulluɓe da leda, a riƙa yayyafi, kuma kada a gina da shi sai ya cika kwana 28. Kafin ka yarda da shi, ka jefa guda uku a bokitin ruwa su kwana. Da safe ka ciro ka taka. In ya narke ko ya fashe, a gyara haɗin tun ba a yi nisa ba.

A saman tagogi a zagaye ginin gaba ɗaya da linta mai rodi, ba kan ƙofa kaɗai ba. Ita ce ɗamarar da ke hana kusurwa buɗewa.

Mataki na 5: Shafe

Nan ne muka yi namu kuskuren a tsohuwar katanga. Mun yi mata fulastar siminti don ta yi kyau. Siminti ba ya kama ɗanyar ƙasa, yakan rabu da ita ta ciki, ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Daga waje katanga tas, ciki kuwa kunu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ruwa ma haka.

Tubalin gargajiya shafen gargajiya yake so. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana sa yaɓe ya ƙi shan ruwa. Laso kuma, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara, shi magabata ke shafe rufin soro da shi. Sai dai a riƙa sabuntawa. In ka nace sai siminti, a fara buga ragar waya a jikin katangar da ƙusoshi don ta riƙe shi. Tubalin inji ba ya ma buƙatar fulasta. Ko wanne ka zaɓa, katangar gabas ka fi ba ta kulawa, domin daga can hadarinmu ke tasowa, ita ke shan dukan ruwa da iska.

Mataki na 6: Rufi

In kwano ne, abu uku. Na farko, a ɗaure shi. Tun ana zuba linta a dasa waya mai kauri ko siririn rodi duk bayan ƙafa 4, a naɗe katakon rufin da shi. Iskar farkon damina ba kwano kaɗai take yayewa ba, da katakon take tafiya, ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi a sama ba ya hana ta. Na biyu, bakin kwanon ya zarce katanga da ƙafa 2, ya yi mata inuwa ya kuma nisanta zubar ruwa daga gindinta. Na san yayin yanzu shi ne a ɓoye kwano a bayan katanga, amma kwatar da ke ɓoye a can ganye kaɗan ke toshe ta, ruwan ya koma cikin bango. Na uku, a sa silin, a bar ƙananan kafofi masu raga tsakaninsa da kwano ta ɓangarori biyu don zafin da ya taru ya fice. Kwano mai farin launi ya fi mai duhu sanyi nesa ba kusa ba.

In soro ne na azara, a ba rufin ɗan gangare, indararo kuma ya yi tsawo, aƙalla ƙafa 2 daga bango, a sa faffaɗan dutse ko kankare inda ruwansa ke faɗuwa. Giginya ta yi wuya yanzu. A Nijar tun shekarun 1980 aka koyar da magina rufin tubali zalla mai siffar tulluwa, ba azara ba katako. In da wanda ya iya a kusa da kai, ka je ka ga aikinsa.

Dogayen ɓangarorin gini su fuskanci kudu da arewa, manyan tagogi ma can, suna kallon juna don iska ta ratsa. Yamma a rage taga, a dasa darbejiya, amma a ba ta tazarar mita 5 daga bango saboda saiwa.

Mataki na 7: Ka sallami ruwan

Yi lissafin nan. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufi mai mita 10 sau 10, in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, zai zubo da lita 5,000, jarka 200 ke nan ta masu kura. Duk wannan a tsakar gidanka zai sauka. Ina za shi?

Ka tare abin da za ka iya da kwatar kwano zuwa tanki ko duro, amma ruwan farko a bar shi ya wanke rufin ya zube. Ka zagaye gindin ginin da dakalin siminti mai faɗin ƙafa 2 zuwa 3, mai gangare zuwa waje. Tsakar gida a ba ta gangaren inci 1 a kowace ƙafa 4 zuwa rariya, a sake ɗauko tiyon nan a tabbatar. Rariyar ta yi faɗin da za ka zura hannu ka yashe, a sa mata raga. Kada ka malale tsakar gida duka da siminti. Ka bar wani ɓangare da yashi ko tsakuwa, ko ka haƙa rami ka cika da duwatsu, mita 5 daga kowane bango, ƙasa ta sha rabonta.

Bakin rijiya da na salga a ɗaga su sama da zanen ambaliya, a kuma raba su da tazarar mita 30 in fili ya ba da dama. Amai da gudawar da ke biyo bayan ambaliya sau da yawa daga haɗuwar ruwan waɗannan biyun take.

Wani abu kuma, tunda ka ɗaga gidanka, ruwan da a da ke kwanciya a filinka wurin wani zai koma. Ka je ka sami maƙwabcinka tun kafin a zuba ciko, ku tsaya tare ku ga inda rariyarka za ta zuba. Haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma ya fi a haɗu a gaban mai unguwa.

Mataki na 8: Kwatar layi

Gidanka ba zai fi layinku lafiya ba. Kududdufan da magabata suka bari a birni, inda suka ɗebi ƙasar gini, su ne matattarar ruwan unguwa. An cike da yawa an yi shaguna da gidaje, ruwan kuwa bai fasa zuwa ba. Wanda ya rage a unguwarku ku tsaya a kansa.

Yashe kwata aikin gayya ne na watan Mayu, kafin ruwa ya zauna. A fara daga ƙasa, inda kwatar ke zubawa, a hauro sama. In aka fara daga sama, dagwalon ne zai gangaro ya taru. Abin da aka kwaso a kwashe shi a baro a ranar, domin in aka tara a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi. Ku leƙa ƙarƙashin kowane kwalbati da tocila, can ledar ruwa da robobi ke cunkushewa. Mai yin gadar shiga gidansa kuma kada ya matse kwatar da ƙaramin bututu, ya sa murfin kankare da ake ɗagawa. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar nazarin ruwa ta Najeriya, NIHSA, kuma na bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Wani a cikinku ya riƙa bibiya yana sanarwa a masallaci.

In gidan ya riga ya ginu

Ba sai ka rushe ba. Da rani ka bi gindin katangu da sanda kana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙarar fanko ko sanda ta shige, a kankare ruɓaɓɓen a cike da dutse ko bulo, amma gaɓa-gaɓa, ƙafa 3 a lokaci guda, a bar ta kama kafin a matsa gaba. Wanda ya rarake gindin katanga gaba ɗaya a kansa za ta faɗo. A yi dakali, a ɗaga dokin ƙofa, a tsawaita indararo, a janye randa da wurin wanke-wanke da tulin taki daga jikin bango.

Da damina kuwa, in ka ga sabuwar tsaga, ka manna mata 'yar takarda da ƙullun siminti ko ka ja layi biyu da gawayi ka auna tsakaninsu. In washegari takardar ta yage ko tazarar ta ƙaru, ko ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa, a kwashe yara da tsofaffi daga ɗakin a daren, a tokare bangon da itace ta waje, a kira magini da safe.